Motar da Ta Shiga Bulumkutu

Legas,
29 ga Oktoba, 1982.

Ƙanwata Hussainatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Harun da yara. Mu nan lafiya lau, ni da Zainaba, sai dai hankalina gaba ɗaya yana wurinku.

Rediyo ta faɗa cewa 'yan Tatsine, mutanen nan da suka yi ɓarna a Kano bara waccan, sun tashi a Bulumkutu, sun kashe 'yan sanda da mutanen gari. Na je gidan waya na nemi layin Maiduguri har na gaji, bai shiga ba. Na san unguwarku Moduganari ba nan ne wurin faɗan ba, amma kuma na san Harun. Duk inda aka ce ga saniyar sayarwa, can za a same shi.

Kakata da kakarki nono ɗaya suka sha, kuma tun da fari ya cinye shanunmu ya watsa mu cikin birane, ke kaɗai kika rage mini a Maiduguri mai riƙe alƙalami. Don Allah ki ba ni labari. Na ba Musa direban motar shanu wannan takarda a kasuwar kara ta Agege, ki ba shi amsa idan zai juyo.

A nan ofishin yaɗa labarai na jam'iyyarmu babu mai zama. Shugabanmu, Alhaji Abdulsalami, yana so mu fitar da sanarwa, amma babu wanda ya san ainihin abin da ya faru, kowa faɗin abin da ya ji a bakin wani yake yi. Ki rubuto mini abin da kika gani, da abin da kika ji daga wanda ya gani da idonsa.

Ki gaishe mini da Inna a Lamisula.

Yayanki,
Mukhtari.

*

Maiduguri,
5 ga Nuwamba, 1982.

Yaya Mukhtari,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni a barandar asibiti, a nan nake rubuta wannan a kan gwiwata. Yara lafiya, na kai su wurin Inna. Harun yana da rai, alhamdu lillahi. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da fargaba.

Abin da ka zata shi ya faru. Ranar Talatar da abin ya fara ya tafi Bulumkutu karɓo wani bijimi da ya saya, faɗan ya rutsa da shi a can. Sun sare shi a kafaɗa da ka. Kan ya fara haɗuwa, amma likita ya ce hannun dama ba lallai ya sake ɗaguwa ba. Ban gaya masa ba.

Yaya, abin da ke asibitin nan ba ya faɗuwa. Mutane kwance a ƙasa, wasu ba a san sunansu ba, mata suna bin gadaje suna ɗaga mayafi suna duba fuska. Akwai wata da kullum sai ta tambaye ni ko na ga yaro mai jar riga.

Ka yi zancen jam'iyya. Naku sun zo da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto. Na waccan jam'iyyar sun zo da barguna da nasu mai hoton. Suka haɗu a ƙofar ɗakin majinyata, kowa na cewa sakacin ɗayan ne ya jawo, har sai da wata nas ta fito da tsintsiya ta kore su duka. An ɗora wa Harun bargo an ɗauki hoto, an ajiye masa ƙullin shinkafa an ɗauki hoto, shi kuwa a lokacin bai ma san inda yake ba.

Ka tuna maƙwabcinmu Ya Umara mai hatsi, shugaban waccan jam'iyyar a unguwarmu, wanda kuka yi gardamar siyasa da shi ranar sunan ɗana? Akori-kurar jam'iyyarsu mai lasifika tun da safe tana shiga Bulumkutu tana fita, tana kwasar mutane, tun kafin a ƙaro 'yan sanda. Shi da kansa yake tuƙi. Harun ya ce da idonsa ya gan shi, kuma ba zai manta da abin da mutumin nan ya yi ba har ya koma ga Allah.

Musa ya aiko cewa shanu na cikin rana, ba zai iya jira ba. Sauran labarin zan turo ta gidan waya. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hussainatu.

*

Maiduguri,
9 ga Nuwamba, 1982.

Yaya Mukhtari,

Sallama da gaisuwa. Da fatan Zainaba tana lafiya da nauyin jikinta, Allah ya raba lafiya. Mu nan da sauƙi. Yau Harun ya sha kunu da hannun hagu, ya ɓata riga, muka yi dariya, wadda na daɗe ban yi ba.

Ran nan na tsaya a tsakiyar magana. Ga sauran, yadda Harun ya ba ni.

Da aka sare shi, ya faɗa cikin kwata a bayan wani shago, jini ya rufe masa ido. Yana jin gudu da ihu ta ko'ina, ya yi kalmar shahada yana jira. Sai ya ji lasifika, da muryar nan da ta saba damunmu da kiran taron siyasa, tana faɗa da Kanuri da Hausa: "Ku bi ta layin dogo! Kada ku hau titi! Masu rauni ku ɗaga hannu!" Harun ya ɗaga na hagu.

Ya Umara ya sauko, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya leƙa kwatar ya ce, "Harun? Kai kuma me ya kawo ka nan?"

Harun ya ce, "Bijimi."

Ya ce, "Allah ya shirye ka, kai da bijimin." Ya yage tutar jam'iyya daga jikin motar ya ɗaure masa kai da ita, ya ciccibe shi. Harun ya ce duk zagin da ya yi wa tutar nan, ita ta tsayar masa da jini.

A bayan motar akwai mata da yara, da wani ɗan sanda mai suna Wilson, mutumin Askira, an sare shi a ƙafa. Ya Umara ya rufe shi da buhuna don kada a ga kakinsa. A wata kwana 'yan Tatsine suka biyo su, suka fasa gilashin gaba, bai tsaya ba. Ya sauke su a asibiti ya koma. Haka ya yi ta yi har aka rufe hanya. Wilson ɗin gadonsa na kusa da na Harun yanzu, sun zama abokai, kullum musu suke a kan wa ya fi wani jin ciwo.

Babu wanda ya aiki Ya Umara. Manyan jam'iyyarsu ma faɗa suka yi masa a kan gilashin mota. Matarsa Ya Fanna ta ce da ya dawo gida bai iya cin abinci ba, sai wanke hannu yake ta yi.

Wannan ne abin da Harun ya ce ba zai manta ba. Na san ba naku ba ne, Yaya, amma in da hali ka sa a ambaci sunansa a jarida. Mutum irin wannan bai kamata a yi shiru da shi ba.

Ƙanwarka,
Hussainatu.

*

Legas,
14 ga Nuwamba, 1982.

Ƙanwata Hussainatu,

Assalamu alaikum. Musa ya kawo mini takardarki ta biyar ga wata. Na gode wa Allah da ya bar mana Harun. Ki ce masa ina yi masa sannu, hannu kuma na Allah ne, likita ba shi ke da maganar ƙarshe ba. Wadda kika ce za ki turo ta gidan waya ba ta iso ba tukuna.

Hussainatu, na karanta maganar motar Umara. Dama ana ta raɗe-raɗin cewa akwai 'yan siyasa da suka taimaka wa mutanen nan, ni ban yarda ba. Ashe da motar jam'iyya ake kwasar su ana kai su, tun kafin 'yan sanda su iso! Mutumin da ya ci tuwon sunan ɗanki, ya zauna a tabarma ɗaya da Harun! Na fahimci dalilin da ya sa kika taƙaita, na san tsoro kike ji, katanga ɗaya ce tsakaninku.

Ban iya barin abin a cikina ba. Na kai wa Alhaji Abdulsalami. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge ido, don shi ma ɗan ƙanensa yana cikin 'yan sandan da aka kashe. Ni na rubuta sanarwar da hannuna. Mun ce wani da ya tsira da rai ya shaida motar da direbanta. Ban saka sunanki ba, ban saka na Harun ba, kada ki ji tsoron komai. An buga takardu masu yawa, sun kama hanyar Maiduguri jiya.

Na shekara huɗu ina rubuta wa jam'iyya abin da wani lokaci ni kaina ban gamsu da shi ba. Wannan karon na ji na yi wani abu saboda jinin ɗan'uwana.

Ki kula da kanki, ki rage shiga gidansu.

Yayanki,
Mukhtari.

*

Maiduguri,
23 ga Nuwamba, 1982.

Mukhtari,

Lafiyarmu ƙalau, in har wannan lafiya ce.

Me ka yi? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Me ka yi, Yaya? Na ce yana kwasar mutane. Mutane na ce. Ina na ce 'yan Tatsine? Masu rauni yake kwasa. Harun ya kwaso. Mijina ya ciro daga kwata!

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka raba takardunku a Kasuwar Litinin da tashar mota. Kafin la'asar samari sun cika layinmu. Ban ga laifinsu duka ba, da yawa sun binne iyayensu da ƙannensu, an miƙa musu takarda an ce ga wanda ya jawo. 'Yan bangarku na gaba. Suka ƙona motar, suka cinna wa ƙofar gidan wuta, suka yi ta jifa. Ya Umara ya fito yana ɗaga hannu yana cewa su saurare shi, dutse ya same shi a baki. Da 'yan sanda ba su zo sun tafi da shi ba, da gawarsa za mu ɗauka. Yanzu yana tsare, ana tuhumarsa da taimakon masu kisa.

Ka san abin da nasa suka yi? Washegari suka zagaya gari da wata motar suna shela cewa jam'iyya ba ta san da zuwansa Bulumkutu ba, ya ɗauki mota ba da izini ba, sun kore shi. Mutumin da ya tsufa yana yi musu yawo a rana. Ya Fanna ta je ofishinsu, aka ce shugaba ya yi tafiya, alhali ga takalmansa a ƙofa.

Yanzu Ya Fanna da 'ya'yanta da tsohuwar Ya Umara suna ɗakina. Tsohuwar ba ta gani sosai, kullum tambaya take, "Umara ya dawo daga kasuwa?" Ya Fanna tana ta tsine wa wanda ya yi wannan ƙarya, tana cewa, "Hussainatu, wane marar imani ne ya ce ya gani?" Ni kuma ina zuba mata miya da hannun da ya rubuta maka. Ban gaya mata ba. Harun na gaya wa, ya juya fuska ga bango.

Na san ni ma da nawa, na yi gaggawa na bar magana a buɗe. Amma kai mai ilimi ne. Ba ka iya jiran takarda ɗaya ba?

Ku buga wata ku ce ƙarya ne. Yau, ba gobe ba.

Hussainatu.

*

Legas,
2 ga Disamba, 1982.

Ƙanwata Hussainatu,

Assalamu alaikum. Ba ni da fuskar doguwar gaisuwa. Ina fatan jikin Harun da sauƙi.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ta gidan waya da ta hannun Musa. Na fara buɗe ta gidan waya. Da na kai inda kika ce in sa a ambaci sunansa a jarida, na zauna a ƙasa a tsakiyar ofis.

Na shiga wurin Alhaji Abdulsalami na ajiye masa su duka. Ya karanta a tsanake. Sannan ya ce, "Wannan abu bai yi daɗi ba, Mukhtari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu janye. Ni na rubuta, ni zan rubuta gyaran."

Ya ce, "Ka ga abin da suka buga a kanmu makon jiya? Sun ce 'yan bangarmu ne suka ba mutanen nan makamai. Ƙarya ce, sun san ƙarya ce. Sun janye? In muka ce mun yi kuskure, gobe a shafin farko za su saka, kuma har ranar zaɓe ba za mu sake faɗin abin da wani zai yarda da shi ba."

Na ce, "Mutum yana tsare, Alhaji."

Ya ce, "Nasa ma sun yar da shi. Ka bari ƙura ta lafa, zan yi wa wani magana a sake shi ba tare da surutu ba. Bayan zaɓe sai mu ga yadda za a wanke shi."

Zaɓe sai watan Agusta, Hussainatu.

Ba zan ɓoye miki ba, ban yi ihu ba, ban ajiye aiki ba. Na fito na koma kan teburina. Zainaba ta kusa haihuwa, gidan da muke ciki na jam'iyya ne. Abin da na iya shi ne na rubuta wa babban ɗan sandan da ke riƙe da maganar, na ce ni ne tushen labarin kuma kuskuren fahimta ne, na sa hannu. Ban sani ba ko za a karanta.

Kin ce ban iya jira ba. Gaskiya ne. Na daɗe ina son in kama waccan jam'iyyar da laifi, da na ga layin nan naki, abin da nake so na karanta, ba abin da kika rubuta ba. Kada ki ɗora wa kanki komai.

Ki rubuto mini, ko da zagi ne.

Mukhtari.

*

Maiduguri,
20 ga Fabrairu, 1983.

Yaya Mukhtari,

Wa'alaikumus salam. Takardunka duk sun iso, har da ta haihuwar Zainaba. Allah ya raya, ya sa mai albarka ce. Ban amsa ba don duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in ji tsoronsa. Yara lafiya, Inna tana fama da ƙafa. Harun ya koma kasuwar shanu, hannun bai ɗagu ba, da hagu yake ciniki.

An saki Ya Umara. Ba maganar Alhajinku ba ce ta sake shi, ban kuma san ko taka takardar ta yi aiki ba. Ga yadda aka yi.

Harun ya matsa aka sallame shi tun ɗinki bai gama kamewa ba. Ya je caji ofis, aka ce shaidar maƙwabci ba ta isa ba. Ya koma asibiti ya gaya wa Wilson. Wilson ya ce a miƙo masa kakinsa. Ya saka, wando ƙafa ɗaya a yage saboda bandeji, ya dogara sanda suka tafi tare. Ya ce wa manyansa, "In mutumin nan ɗan Tatsine ne, to ni ma ku rufe ni, don a ƙarƙashin buhunansa na rayu."

Duk da haka aka ce bincike sai a hankali. Sai ni da Ya Fanna muka shiga Bulumkutu gida-gida muna tambayar wa ya hau motar nan. Yaya, ban san yawansu ba sai ran nan. Mata da goyo, tsofaffi, wani tela da ya rasa ido. Kullum da safe sai mu je mu zauna a harabar caji ofis, ba ihu, ba zagi, kowa ya shiga ya faɗi inda aka ɗauke shi. Da taron ya fara girma, sai ga lauya daga jam'iyyarsa, sai ga wani daga taku, kowa na cewa shi aka turo ya tsaya masa. Harun ya ce su zauna a layi kamar kowa. Haka muka yi ta zuwa har suka sake shi.

Amma tsohuwar ba ta jira ba. Ta rasu a ɗakina cikin watan Janairu, bayan azahar, ina riƙe da kanta. Ya Umara ya roƙa a bar shi ya je jana'iza ko da ankwa a hannu, ba a bari ba. Harun da mutanen layi suka kai ta.

Bayan addu'ar bakwai na gaya wa Ya Fanna komai. Na ɗauko takardarka na karanta mata, na faɗa mata abin da ni na rubuta. Ta tattara 'ya'yanta ta koma gidan wanta a Bulabulin. Na yi kuka har na gode Allah. Sai da aka saki mijinta suka dawo gidansu, ranar nan ina tankaɗe sai ga 'yarta Aisa, wai in ji Ya Fanna a ba ta aron rariya. Tana da rariya, Yaya, ni na saya mata. Na ba da, na bi bayan yarinyar.

Ya Umara ya rame, haƙoransa biyu na gaba babu. Ya san kai ne. Bai ce komai a kanka ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ƙanwarka,
Hussainatu.

*

Legas,
18 ga Maris, 1983.

Ƙanwata Hussainatu,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na gode da kika sake kirana Yaya. Zainaba da jaririya lafiya. Allah ya jiƙan tsohuwa, ya sa ta huta. Labarin rasuwarta ya hana ni sukuni.

Na bar aiki. Ban yi faɗa da kowa ba. An kawo mini wata sanarwa in gyara, a kan waɗanda suka mutu a Bulumkutu da yadda jam'iyyarmu kaɗai ta share wa iyalansu hawaye. Na riƙe biro na kasa. Na je na yi wa Alhaji sallama. Ya ce in yi tunani, na ce na yi. Ya ba ni hannu, ya ce da yana da shekaruna wataƙila da shi ma haka zai yi. Mun tashi daga gidan jam'iyya, muna ɗaki ɗaya a Agege, ina rubuta wa dillalan shanu takardun lodi. Warin kasuwar kara yana tuna mini rugarmu.

Ƙunshin da Musa zai ba ki takardu ne. Wani abokina Nuraddeen mai injin ɗab'i ya buga mini. Na faɗi abin da Ya Umara ya yi ranar Talatar nan, na faɗi cewa sanarwar farko ƙarya ce kuma ni Mukhtari na rubuta ta. Babu sunan jam'iyya a kai, sunana ne kawai. A raba a inda aka raba waccan.

Ki karanta masa guda ɗaya. Ki ce ina neman gafararsa. In ya ƙi, yana da gaskiya, ki faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki sassauta.

Yayanki,
Mukhtari.

*

Maiduguri,
12 ga Mayu, 1983.

Yaya Mukhtari,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Zainaba da 'yata. Mu nan zafi ne kawai, ana ta duban gabas. Inna ta ce a gaya maka ta ji ka bar aiki, wai dama kiwo ya fi dacewa da kai.

Harun da Wilson sun raba takardunka a Kasuwar Litinin ranar Juma'a. Wasu sun karanta, wasu sun ƙunsa ƙosai da su. Amma samari uku daga cikin waɗanda suka yi jifa sun zo da kansu, sun durƙusa a gaban Ya Umara, sun kuma kawo kafinta ya sa sabuwar ƙofa.

Da takardun suka zagaya, kuma ga zaɓe ya matso, sai jam'iyyu suka tuna da shi. Nasa suka zo da manyan riguna, wai korar da aka yi masa kuskuren sakatare ne, suna so ya hau dandamali ranar babban taro a nuna wa jama'a gwarzon jam'iyya. Ba su tashi ba sai ga naku na da, wai tun da nasa sun ci amanarsa ya dawo wurinsu, za su ba shi sabuwar mota. Suka zauna a zaure ɗaya suna hararar juna. Ya Umara ya sa aka kawo musu ruwa. Ya saurari kowa har ya gama. Sannan ya ce, "Na gode. Ranar da aka kai tsohuwata, wa ya je a cikinku?" Suka dubi juna. Ya ce, "To ku sha ruwa, rana ta yi, ni zan koma rumfa." Ya ɗauki hularsa ya bar su a nan.

Kada ka ɗauka ya daina siyasa. Ya ce ranar zaɓe zai je ya jefa ƙuri'arsa inda ya saba, don ba don manyan ya shiga ba. Harun ya ce shi ma zai jefa tasa inda ya saba. Har sun fara gardama.

Yanzu maganarka. Na jinkirta don ina jiran ranar da zan ga fuskar Ya Umara a sake. Shekaranjiya da la'asar na same shi a ƙofar gida, Ya Fanna na gefe tana tsintar shinkafa. Na ce ina da saƙo daga Legas. Ya ce in karanta. Na karanta har ƙarshe, har sunanka. Ya ce in sake karanta wurin sunan. Na sake.

Ya ce, "Ya bar aikin?"

Na ce ya bari.

"Da jaririya a hannu?"

Na ce e.

Ka ce kada in sassauta, to ga abin da ya faɗa:

"Ki ce masa ban yafe ba tukuna. Ina so, ina roƙon Allah a kai kowace salla, amma da na tuna tsohuwa sai abin ya tsaya mini a wuya. Ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma ni ban iya yafe wa takarda ba, ban san fuskarta ba. Ya zo ya zauna a nan inda kike zaune, mu ci abinci, in dube shi. Wataƙila abin ya fi sauri."

Ya Fanna ba ta ɗago daga tirenta ba ta ce, "In zai zo ya zo da matar da yarinyar. A ɗaki ɗaya a Legas yaya za ta yi jego?"

To ka ji. Harun ya ce akwai wurin mai rubutu a kasuwar shanu, kuma yana bukatar hannun dama. Ka shigo jirgin ƙasa kafin ruwa ya sauka. Idan kun iso, Zainaba da jaririya su wuce wurina. Kai kuwa kada ka shigo gidanmu, kada ka tsaya gaida Harun. Ƙofar da ke kusa da tamu, sabuwa, ba a ma shafa mata fenti ba. Ka fara da can. Mu za mu jira.

Ƙanwarka,
Hussainatu.